Wa Ya Ce Fim Ɗin Kwamando Na Maza Ne?

 Yau wata magana zan tayar wadda na san wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata takarda ba, amma ni ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka sai ku yi haƙuri ku saurare ni har in kai aya.

Akwai wani fim na Amurka mai suna Terminator 2, wanda samarinmu suka fi sani da fim ɗin Kwamando na biyu, saboda jarumin cikinsa, Arnold Schwarzenegger, tun da ya fito a fim ɗin Commando a 1985 sunan ya bi shi a ƙasar nan, har ya yi gwamnan Kalifoniya daga 2003 zuwa 2011 ya sauka, mu dai a wurinmu Kwamando ne. To shi wannan fim, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Kebbe zuwa Kuchi, duk gidan da aka kunna shi mace ta matso za ta zauna, maganar da za ta ji ɗaya ce: “Ke tashi, wanga ba naku na ba, jira a sa muku na Indiya.” Mu kuwa sai mu tashi sumui-sumui mu koma madafa, mun yarda. Yardar nan ita ke ba ni haushi, domin wallahi duk wadda ta zauna ta kalli fim ɗin nan tun daga farko har ƙarshe za ta gane labarin uwa ne da ɗanta, Kwamando rakiya ya yi musu.

Masu shekaru irin nawa za su tuna yadda irin waɗannan finafinai suka zo mana a shekarun 1990. Kaset ne na bidiyo, a gidan kallo, da janareto yana ta ƙara a bakin ƙofa, yara maza su biya kuɗi su shiga su zauna a benci. Mace ba ta zuwa, kuma ban ce ta je ba. Sai dai ƙanenki ya dawo da dare ya tsugunna bakin murhu yana ba ki labari yana ɗaga hannu sama, “Kai Yaya, Kwamando yak kashe su duka!” Me yaro ɗan shekara goma sha biyu zai ɗauko daga fim in ba harbi da gudun babur ba? Abin da idonsa ya kama shi ya kawo mana, mu kuma muka riƙe shi a matsayin labarin gaba ɗaya. Yanzu kuwa fim ɗin yana cikin memorin waya, mai turi a bakin kasuwa zai sa miki shi da kuɗi kaɗan, kina cikin ɗakinki kina tsince shinkafa kina kallo. Uzurin da iyayenmu suke da shi mu ba mu da shi.

Bari in ɗan koma baya saboda wadda ba ta san tushen zancen ba. Kashi na farko ya fito a 1984, James Cameron ne ya ba da umarni. A cikinsa an ƙaga cewa wani zamani zai zo da mutane za su ƙera wata na’ura mai tunani da ake kira Skynet, su danƙa mata makamansu na ƙare-dangi, ita kuma ta juya musu baya ta ƙone duniya. ’Yan tsirarun da suka tsira sai wani mutum mai suna John Connor ya haɗa kansu suna yaƙar injuna har sun kusa cin nasara. Da injuna suka ga haka sai suka aiko wani mutum-mutumin ƙarfe mai fatar ɗan Adam daga shekarar 2029, ya dawo baya ya kashe uwar John tun kafin ta haife shi. Ku duba fa, ko injin ma ya san inda ƙarfin yake, wurin uwar ya nufa. Ita kuwa uwar, Sarah Connor, wadda zan riƙa kira Saratu don bakinmu ya huta, a lokacin yarinya ce mai kai wa mutane abinci a gidan cin abinci, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kusan duk fim ɗin gudu take tana kuka, wani soja da aka aiko ya kare ta yana jan hannunta. Shi ne ya zama uban yaron, ya mutu kafin a ƙare, ita ce ta murƙushe mutum-mutumin da hannunta a cikin injin matse ƙarfe, ta kama hanyar Meziko da ciki.

Shekara bakwai masu kallo suna jira kafin na biyu ya fito a watan Yulin 1991. Na farko bai ci dala miliyan 7 ba wajen shiryawa, na biyu ya ci kusan miliyan 100, ya kuma kawo fiye da miliyan 500, babu fim ɗin da ya kai shi ciniki a duniya a wannan shekara, sannan ya ɗauki kyautar Oscar guda 4. Har yau in masoya irin wannan fim na ƙagen kimiyya suka zauna lissafa kashi na biyun da ya kere na farko, da wuya su tashi ba su ambace shi ba.

In kika tambayi namiji dalili, zai ce miki saboda mugun ne. Gaskiya mugun abin kallo ne: mutum-mutumi na narkakken ƙarfe mai sheƙi kamar zaiba, sanye da kayan ɗan sanda, a harbe shi ramin ya rufe, ya ratsa ta tsakanin sandunan ƙofa kamar ruwa, ya mai da hannunsa takobi, ya rikiɗe ya zama duk wanda ya taɓa. A 1991 ba a taɓa ganin kwamfuta ta yi irin wannan aiki haka ba. Na yarda. Amma yau yaro da wayarsa yana haɗa siddabarun da ya kusa wannan, finafinai ɗari sun yi wanda ya fi shi, an kalla an manta. In da zaibar ce kaɗai, da tuni shi ma ya bi su.

Abin da ya riƙe shi Saratu ce. Farkon ganinta a kashi na biyu, tana kulle a asibitin masu taɓin hankali, ta jingine gadonta a tsaye tana motsa jiki da shi, jikin nan duk ya murɗe, idon nan ya bushe, ba ka ce yarinyar nan ce mai ɗaukar faranti ba. Me ya kai ta can? Ta faɗi abin da ta gani da idonta, ta ce bala’i na tafe a shirya, har ta yi yunƙurin tarwatsa wani kamfanin kwamfuta, aka kama ta. Likitoci suna zagayowa da ɗalibansu suna leƙenta ta taga kamar dabbar gidan zu. A nan ƙasar Sakkwato mun san kalmar da ake jifan mace da ita in ta cika faɗin abin da ba a son ji: “Wagga sai Kware.” Sau nawa mace ta ce yaron nan abokansa ba na kirki ba ne, aka ce ta cika zargi? Sau nawa ta ce mijin da za a ba yarinyar nan ba shi da hali, aka ce baƙin ciki take? Sai abu ya lalace a dawo ana salati, ba kuma wanda zai tuna ya ce mata ashe kin faɗa.

Sannan ga abin da ya fi ciwo. An ƙwace mata ɗanta an ba wasu riƙo. Yaron yana da shekara 10, ya kangare, yana sata, ba ya jin maganar masu riƙonsa, kuma an cusa masa cewa uwarsa mahaukaciya ce, duk abin da ta koya masa shirme ne, har shi da bakinsa yake faɗa wa abokinsa haka. Yanzu don Allah wa ya fi mu sanin wannan? Matar da aka saka ta bar ’ya’ya a gidan uba, ana gaya musu uwarku ba ta da kirki, ta haɗu da ɗanta a hanyar kasuwa ya sunkuyar da kai, ita za a ce wa wannan fim ba nata ba ne? Ciwon ’ya mace na ’ya mace ne, ko a Los Anjalis ko a Jabo.

Wurin da ya fi taɓa ni ɗan ƙarami ne, maza ba sa ko lura da shi. Yaron ya gane ashe gaskiya uwarsa ke faɗa, ya tilasta wa Kwamando, wanda a wannan karon an juya shi an aiko shi kare yaron, suka je asibitin ceto ta. Suka tarar ita ma ba zama ta yi tana jira ba, ta riga ta buɗe makulli da ɗan ƙarfen maƙale takarda, ta kusa fita da kanta. Da suka shiga mota ta miƙo hannu ta jawo shi, yaro ya ɗauka rungumar da ya yi shekaru yana jira ce ta zo, ashe laluba jikinsa take ta ga ko an ji masa rauni. Ta gama ta rufe shi da faɗa, don me ya sa ransa a haɗari saboda ita. Yaro ya juya yana hawaye. Kowace uwa a cikinmu ta yi wannan: yaro ya faɗo daga bishiya, ki duba ƙafa ki duba kai, da kin ga lafiya sai ki kai masa dundu. Fim ɗin bai yabe ta a kan haka ba, ya nuna yadda tsoro yake busar da zuciyar uwa har ɗanta ya rasa inda zai sa kansa.

Kuma bushewar ta kai ta bakin rami. Ta gano sunan injiniyan da aikinsa zai haifar da Skynet, wani baƙar fata mai suna Miles Dyson, mutumin kirki wanda bai san abin da hannunsa ke ƙerawa ba. Ta ɗauki bindiga ita kaɗai cikin dare ta tafi gidansa ta kashe shi, a lissafinta ran mutum ɗaya ya fanshi biliyan 3. Wato ta zama daidai da abin da ya zo kashe ta a kashi na farko, mai kashe mutum saboda laifin da bai riga ya yi ba. Ta harbe shi a kafaɗa, ta tsaya a kansa, matarsa na kuka, ƙaramin ɗansa ya faɗa kan uban yana kare shi da jikinsa. Hannunta ya kasa. Ta zube ƙasa tana kuka, sai ga ɗanta ya iso, a nan ne ta rungume shi rungumar gaske. Duk fashe-fashen da aka kashe miliyoyi a kansu, babu wanda ya kai wannan wuri nauyi, kuma babu Kwamando a tsakiyarsa.

To shi Kwamandon fa? Ba zan rage masa ba, ya yi kyau, kuma dabarar mai da mugun jiya ya zama mai tsaron yau ita ma tana cikin abin da ya sa ake son fim ɗin. Amma ku lura da matsayinsa: umarnin yaro yake bi. Yaron ya sa shi ya yi rantsuwa ba zai kashe kowa ba, ya koma harbin ƙafa. Akwai inda Saratu ta zauna tana kallonsu suna wasa, tana tunanin cewa duk mazan da suka ratsa rayuwarta babu wanda ya cancanci zama uba ga yaron kamar wannan ƙarfe, domin shi ba zai buge shi ba, ba zai daka masa tsawa ba, ba zai sha ya yi tatul ba, ba zai ce ba shi da lokacinsa ba. Maigida, kai da kake kora ta madafa, ka kuwa ji wannan wurin? Ko ƙarar babur ce ta toshe maka kunne? A ƙarshe ma, da mugun ya soke ta a kafaɗa ya ce ta kira ɗanta ya fito, ƙi ta yi. Da aka gama, ita ce ta danna maɓallin da ya saukar da Kwamando cikin tafasasshen ƙarfe, tunda shi ba ya iya halaka kansa. Amma hotonsa ne a bangon kaset, kuma kuɗin da aka biya shi ya ninka na Linda Hamilton, wadda ta fito a Saratu, fiye da sau goma, bayan ta yi watanni tana horon jiki da na riƙe makami. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce akwai zubar da jini da zage-zage. Akwai, kuma ban ce ki zaunar da ɗan shekara shida gabansa ba, mafarkin da Saratu ke yi na wuta tana cin filin wasan yara ko babba sai ya kau da kai. Za su ce an sa masa suna ranar hukunci, har an yanka rana, 29 ga Agustan 1997. Ranar ta zo ta wuce muna nan muna daka, kuma babu mai hankalin da ya ɗauke ta tashin alƙiyama, wanda saninsa na wurin Allah. Yaƙin da mutum zai jawo wa kansa da hannunsa ake nufi, a zamanin da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira kuwa tambayar ba ta tsufa ba. Za su ce ƙarya ce tsagwaronta, yaushe ƙarfe ya yi magana. To Gizo da Ƙoƙi gaskiya ne? Tun a 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro ya zaga da shi sararin samaniya, aka karanta shi a makarantu ba wanda ya ce na maza ne. Kuma mu ɗin nan da ake cewa ba ma gane na kimiyya, wa ya kai mu son Chitti, mutum-mutumin Rajinikanth na 2010, da na biyunsa na 2018 da wayoyi ke tashi sama, tun ba da aka fassara su da Hausa ba? Ashe dai in an bar mu mun zauna muna ganewa.

Ni abin da nake tsoro ma ba kallonsa ba ne, rashin kallonsa ne, domin wadda ba ta taɓa ganin kashi na biyu na gaskiya ba, kowane aka miƙo mata karɓa za ta yi. Mu ne fa kasuwar kashi na biyu a ƙasar Hausa. Mu ke aiken yara hayar littafi, mu muka sayi kaset, muka sayi faifai, yanzu mu ke ƙona data. Me ake ba mu? Labari ɗaya ne a samu wuƙa a raba shi biyu ko uku, daidai inda aka ɗaga hannu za a mari amarya sai a rubuta mu haɗu a kashi na biyu. Ki biya ki karɓo, rabinsa tuna baya ne, sauran waƙa. Yarinyar da ta yi kuka a na ɗaya ita ce ke kuka a na biyu, kishiyar nan dai, bokan nan dai, uwar mijin nan dai, sai ɗinki kawai aka sauya mata. A ƙarshe wani Alhaji ya faɗo daga sama ya aure ta a ce haƙurinta ne ya biya. Yanzu da aka koma masu dogon zango abin ya ƙara lalacewa, sai a yi zango biyar mace ba ta koyi ko ƙulla zare ba. Ban ce duka ba, akwai masu ƙoƙari, amma kowa ta san irin waɗanda nake nufi.

Kada kuma wani ya ce sai Bature ke iyawa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, shekara guda kafin Terminator 2. Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu birni, ta koma karatu, ta zama ma’aikaciyar jinya, har waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman alfarmarta. Abun da ka rufe littafi da ita ba ita ce wadda ka buɗe da ita ba. Ma’aunin ke nan, shi nake so kowace ’yar uwa ta riƙe kafin ta fitar da kuɗin cefanenta: matar nan da na bari a kashi na ɗaya, me wahala ta koya mata? In ba ta koyi komai ba, to kuɗinki ake so, ki bar musu kayansu.

Kuma mata masu sauyawa ba a fim kaɗai suke ba. A shekarun nan da ’yan bindiga suka addabi ƙauyukan kudancin Sakkwato, har da yankin Kebbe, akwai matan da suka goya ɗaya suka ja biyu cikin dare, suka sauka gidan dangi a gari ba su da ko tabarma, yau su ke suyar ƙosai da awara suna ciyar da gida. Jiya ko kasuwa ba su san hanyarta ba. Ba bindiga suka ɗauka ba, kuma ba ita nake kira a ɗauka ba, amma in ana neman Saratu ga su nan a unguwarmu. Har yanzu ina jiran mai shirya fim ɗin da zai ga labarinsu ya kai a yi masa kashi na biyu.

Su kansu masu Terminator sun gwada cire uwar sun gani. A na uku, wanda ya fito a 2003 ba tare da James Cameron ba, sai aka ce wai Saratu ta mutu da ciwon sankarar jini, ko gawarta ba a nuna ba. Kwamando na nan, harbi na nan, motoci sun fi na da fashewa, amma masoya ba su taɓa ɗora shi kusa da na biyu ba. Aka sake yi a 2009, aka sake a 2015 da wata yarinya a matsayin Saratu, duk bai kama ba. Sai a 2019 suka koma suka nemo Linda Hamilton, ta haura shekara 60, ta fito da furfurarta ba ta ɓoye ba, amma a mintunan farko suka kashe ɗan, suka bar uwa ba wanda za ta kare, shi ma bai yi kasuwa ba. Don haka in kin aiki yaro wurin mai turi, ki ce masa na 1991 kike so, ya haɗo miki da na 1984 ki fara da shi, kada ya cika miki memori da sauran.